Guntun Bandejin da Ya Dawo da Ni Kafanchan

Kafanchan zuwa Abuja

Ƙarfe biyar da kwata na asuba muka fita daga gida, maigidana Malam Idi ɗauke da akwati a ka, ni kuma rungume da jakar takardu. Ban tashi yaranmu biyu ba, don na san in Amina ta buɗe ido ta ce "Umma", ƙafata ba za ta tsallake ƙofa ba. Shekara goma sha ɗaya na yi ina aikin jinya a ɗakin maza na wani asibiti a garinmu, kuma a makon nan na ajiye aikin. Wani gidan kula da tsofaffi a Ingila ne ya ɗauke ni, bisa sharaɗi ɗaya: in ci jarrabawar aikin hannu ta can, in karɓi lasisin nas. Sau uku ake ba mutum dama. Wanda ya faɗi duka ukun, gidan zai zare hannunsa daga bizarsa, sai ya kama hanyar gida.

A tasha na tarar da Mama Saratu, metiron ɗinmu, wato shugabar ma'aikatan jinya, ta riga mu zuwa da ƙullin busasshiyar citta da mudun acca. Ita ta koya mini aiki tun ina ɗaliba. A ɗakinmu dangin majinyaci ne ke sayo bandeji da safar hannu daga kemis ɗin tsallaken titi, kuma ƙunshi ɗaya sai ya kwana uku. Wadda duk Mama ta kama ta jefa guntun bandeji mai kyau a shara, ranar sai ta gwammace ba ta zo aiki ba. Takan ce wanda ya zubar da bandeji ya zubar da tuwon gidan wani ne.

"Rabi, ka je lafiya," in ji ta, don ita kowa "ka" ne a bakinta, mace ko namiji. "Yesu ya tsare hanya. Ka nuna wa Turawa yaran Saratu ba su wasa."

Na ce, "Amin, Mama. Ba zan ba ki kunya ba."

Bas ta tashi shida da minti biyar. Mun isa Kwoi bakwai ta ɗan gota. Shingen jami'an tsaro bakwai na ƙirga kafin Kagarko, a kowanne direba ya rage gudu, ya miƙa hannu ta taga, mu wuce. Da muka bar Kagarko sai ya kashe rediyo ya ce, "To jama'a, kowa ya yi addu'a da yarensa." Babu wanda ya tambaye shi dalili. Daji dama da hagu, babu mota gaba babu baya, har muka hango rumfunan Jere da ƙarfe tara da rabi, sannan aka fara tari da magana. Na sayi doya da ƙwai a bakin titi, na kasa cin ko rabi. Sha biyu saura muka shiga Abuja, na kwana gidan 'yar kawuna a Kubwa.

Abuja zuwa Ingila

Washegari da safe jirgi ya ɗaga, awa shida da rabi muna sama. Wadda ta tarye ni ita ce Grace, 'yar Kagoro, ajinmu ɗaya a makarantar jinya, ta riga ni zuwa da shekara biyu kuma ta samu lasisinta. Ta dube ni da mayafina mai shara-shara ta kwashe da dariya.

"Da wannan kika zo yaƙi da sanyi? Za ki mutu kafin Lahadi."

Ta yafa mini rigarta. Muka hau jirgin ƙasa zuwa arewa, awa uku. Ni da aka haifa a garin reluwe, sai a ƙasar wasu na fara ganin jirgi ya tashi a mintin da aka rubuta. Masaukina ɗaki ɗaya ne a saman wani shago, gado da kujera da taga mai kallon bango.

Gidan tsofaffi

Kafin lasisi, sunana mataimakiya. In yi wa tsofaffi wanka, in canza musu, in ba su abinci a baki. Ko ƙwayar maganin ciwon kai ba ni da ikon miƙa wa mutum. Ni da na ɗinke kan mutum da fitilar waya a baki lokacin da aka kawo mana mutanen ƙauye da raunuka cike da mota, ga ni ina jiran wata yarinya nas da na girme ta da shekara goma sha biyar ta zo ta sa hannu. Ba ta taɓa wulaƙanta ni ba, kuma wannan ya fi ƙona mini rai, don babu wanda zan yi fushi da shi.

Abin da ya fi tsaya mini a wuya shi ne kwandon shara. A buɗe ƙunshin bandeji, a ɗauki ɗaya, a watsar da huɗu, farare tas. Safar hannu ta taɓa gefen gado, a cire a jefar. Ranar farko na tsaya kan kwandon ina kallo har Grace, da take nas a gidan, ta ja ni gefe.

"Rabi, nan ba wurin Mama Saratu ba ne. Abu ya taɓa inda bai kamata ba, shara. Ko yanzu aka fito da shi daga leda."

Na ce na ji. Da kunne kam na ji.

Garin jarrabawa, sau uku

Jarrabawar a wani gari ake yi, tafiyar awa biyu da minti ashirin a jirgin ƙasa. Ɗakuna ne jere, kowanne da aikinsa da agogonsa, da mai duba ka riƙe da takarda, ba ya murmushi ba ya ɗaure fuska. A wasu ɗakunan majinyacin mutum-mutumin roba ne.

Karon farko na faɗi saboda na shiga na kama aiki kai tsaye. Ban gaida robar ba, ban tambaye ta sunanta ba, ban nemi izininta kafin in taɓa ta ba. Karo na biyu na gaishe ta kamar surukata, na yi ta bayani har lokaci ya ƙare ban gama ba. Daga nan kullum bayan aiki Grace ta kwanta a gadona ta zama majinyaciya, ni in yi ta maimaitawa, tana tsayar da ni. Malam Idi yakan kira ya ce Amina na tambaya yaushe za a zo a ɗauke su, in ce saura kaɗan.

Karo na uku na bar ɗaki shida da rabi na safe, na isa tara da kwata. Ɗaki bayan ɗaki komai na tafiya daidai, har na ji zuciyata ta fara kwanciya. Na zo ɗakin wanke miki. Na gaida robar, na faɗi sunana, na nemi izini, na wanke hannu, na shimfiɗa takarda mai tsabta a kan tebur, na zazzage kayan a kanta. Ina cikin aiki sai guntun bandeji ɗaya ya zame daga takardar ya faɗa gefen teburin. Ba ƙasa ba, gefen tebur, tazarar yatsa uku. Akwai wasu huɗu a gabana.

Wallahi ban yi shawara da kaina ba. Hannuna ya ɗauke shi ya ɗora kan mikin, kamar yadda ya saba yi shekara goma sha ɗaya. Da a nan take na tsaya na ce na yi kuskure, na cire na sake, wataƙila da an ɗaga mini ƙafa. Amma ban ma san na yi ba. Sai da na fito ina saka riga na tuna alƙalamin matar da ke duba ni ya motsa, na tambayi kaina me ta rubuta.

Saƙon sakamako ya iso bayan kwanaki. Duk sauran ɗakunan na wuce, wannan ɗaya ne ya kayar da ni. Manajan gidan ta kira ni ofis, ta haɗa mini shayi da hannunta, ta ce tsofaffi suna ƙaunata, ta ce ranta ya ɓaci ƙwarai, sannan ta tura mini takardar sallama. Na nemi wani gidan da zai ɗauki nauyin bizata, na aika takardu har na daina ƙirgawa, ba wanda ya amsa. Grace ta yi kuka a tashar jirgi fiye da ni. Ni lokacin hawayena sun ƙafe, haushin hannuna kawai nake ji.

Komawa gida

Na sauka Abuja da safe, na samu bas a tasha sha ɗaya da rabi. Direban ya ga takardar jirgi manne a akwatina ya ce, "Hajiya daga Turai? Ai sai ki zauna gaba." Na zauna. Jere ƙarfe ɗaya da kwata, Kagarko da addu'arta, Kwoi, shingayen nan duk suna inda na bar su. Biyar saura minti ashirin muka shiga Kafanchan, wata tara cif da fitata. Malam Idi ya ɗauki akwatin ya ce, "Sannu da hanya, Maman Amina." Bai ƙara ko kalma ba har gida, kuma har gobe ina gode masa a kan wannan. Maƙwabta suka yi ta leƙowa, "'Yar Ingila, hutu aka zo?" Ina cewa eh.

Kwana uku na yi kafin na iya zuwa asibiti. Na tarar an ba wata gurbina tuni. Mama Saratu tana tsaye kan wani manomi da aka sara a cinya, matarsa tsugune a gefe riƙe da ledar kemis. Mama ba ta tambaye ni komai ba, Grace ta riga ta gaya mata. Ta ce, "Wanke hannu ka kama mini."

Na wanke, na sa safa. Na gaida mutumin, na tambayi sunansa, na ce zan taɓa ƙafarsa in ya yarda. Ya dube ni kamar wadda ta zautu. Ina cikin aiki sai guntun bandeji ya zame gefen tire. Na ɗauke shi na jefa a bokitin shara, nan ma ban yi shawara da kaina ba.

Matar ta miƙe, ta sa hannu cikin bokitin ta tsamo shi, ta kaɗe shi a zaninta.

"Sista, yi haƙuri," ta ce. "Na gobe ne wannan."

Mama Saratu ta dube ni, na dube ta. Ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ma ta yi.

Na gode wa Allah da ya kai ni lafiya ya dawo da ni lafiya, na gode wa Grace da Malam Idi da duk wanda ya sa ni a addu'a, a masallaci ko a coci. Masu tambaya ko zan sake gwadawa, ban sani ba tukuna. Ranar dai na tsallaka titi na sayo wa matar sabon ƙunshi. Ta karɓa hannu biyu ta yi godiya, sannan ta ninke wancan guntun ta sa a cikin ledar tare da sabon.