Rabin Askin Baba Abdulwahabu

Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, huɗu ga Oktoba, 1960, gari bai gama sauke tutocin bikin mulkin kai ba, Allah Ya karɓi ran Baba Abdulwahabu wanzami a gidansa na Ƙofar Kware, bayan ɗan zazzaɓi. Ni ne Lawwali, tsohon soja. Baba, da kai nake magana yau, ko da yake ba za ka amsa ba.

Na dawo daga yaƙin Burma ba ko ƙwarzane a jikina, amma tasa na faɗuwa a cikin gida sai in tsinci kaina a ƙasa, gumi sharkaf, jikina na makyarkyata. Kasuwa ta gagare ni. Na sha rubutu, an yi mini hayaƙi, asibiti sun ba ni ƙwayoyin barci, kowa dai ya yi iya ƙoƙarinsa. Shekaru suka ja, unguwa ta laƙaba mini Lawwali mai firgita, ni ma na yarda na lalace. Matata Sadiyatu ce ta matsa a kira ka ka yi mini ƙaho, ko a samu a janye mugun jini.

Ka zo zaurenmu, ka jera ƙahonni, ka zagaya bayana da aska. Ina jin sanyin ƙarfe a ƙeyata na zabura, na ture ka har ka bugi bango. Da wani ne, da ya tattara kayansa ya tafi. Kai kuwa ka kakkaɓe rigarka, ka mayar da ƙahonnin cikin zabira, ka ce, "Wanga ciwo ba ga jini shike ba. Zamna in yi maka aski dai."

Ta gabana ka tsaya, kana gaya mini duk inda za ka taɓa. Ka aske rabin kaina tas, sannan ka ninke aska ka ajiye a gwiwa. Ka ce, "Mi kag gani can?" Ka zauna kana jira na. Ka san babu magidancin da zai fita da rabin aski, ni ma na sani, kuma wallahi na ji haushinka ranar. Can dai bakina ya buɗe. Na gaya maka labarin abokina Illo, wanda harsashi ya samu muna cin abinci a kwano ɗaya. Tun da na dawo ban taɓa ambaton sunansa ba. Na yi kuka irin na yara. Ba ka tsawata mini ba, ba ka hanzarta ni ba. Da na gama, ka jiƙa kaina ka ƙarasa askin.

Haka muka riƙa yi kowace Juma'a da hantsi. Daga baya na gane ba ni kaɗai ba ne: akwai wanda gobara ta cinye masa iyali, akwai wanda ya binne 'ya'yansa a shekarar sanƙarau. An san wanzamai da surutu, amma maganar wani ba ta taɓa fita daga bakinka ba. Da na tambaye ka yaushe zan warke, ba ka yi mini ƙarya ba. Ka ce, "Halama makyarkyatar ba ta barin ka duka. Ba abin kunya ba ne, ɗana. Tai kasuwa da abinka." Na koma rumfar hatsi, ina can har yau.

Da labarin rasuwarka ya iske ni, tsoro ya riga baƙin ciki zuwa. Na ce shi ke nan, zan koma yadda nake da. A maƙabarta, ɗanka Mode ya tambayi wanda zai taya shi shiga kabari. Tun ramukan da muka riƙa ɓuya ciki a yaƙin Burma ko rijiya ba na leƙawa, amma na tuɓe takalma na shiga. Hannuwana suna rawa a gaban jama'a, ban ɓoye su cikin riga ba. Da su na karɓe ka, da su na juya fuskarka alƙibla.

Allah Ya jiƙan ka, Baba. Ya yalwata makwancinka, Ya amintar da kai daga firgicin kabari da na ranar tsayuwa. Inna Zainaba matar Baba, Mode da sauran iyali, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya ba mu mu ma da muka zauna a gabansa.