Dutsen Niƙana a Kan Rufi

Shekarar da muka yi wa ɗakinmu rufin kwano a Jandutsi, rediyo ta ce damina za ta zo da muguwar iska, wai tun daga bakin teku take tasowa. Ni ban taɓa ganin teku ba, amma muryar mutumin ba ta wasa ba ce. Maigidana kuwa albasar shekara guda ya sayar ya yi rufin nan, sai ya bi gida yana tsince duwatsu yana danne kwanon. Ya kwashe na murhu, ya zo kan dutsen niƙana, wanda na gada wurin innata.

Na ce, "Malam, da mi za ni niƙa?"

Ya ce, "Ke, in rufi ya tashi, ina za ki zauna ki yi niƙan?"

Hadarin ya zo ranar kasuwar Jega, har darbejiyar maƙwabta ya tumɓuke. Kwanonmu ko motsi bai yi ba. Bayan an ɗauke ruwa, muna tsakar gida Malam yana yabon dabararsa, sai katakon rufin ya karye, dutsen ya faso kwano ya sauka kan gadonsa.

Muka shiga ɗakin, ya daɗe yana kallon sama ta ramin, sannan ya ce, "To, ga dutsenki nan."