Zoɓon Inna Larai

Da mijinta ya rasu aka raba gado, abin da ya faɗo wa Larai da 'yarta Aina'u shi ne wata 'yar jigawa mai yashi a bayan Makoɗa. Shekara biyu tana shuka gero, da ƙyar take ɗaure dami uku. Amma yakuwar da take zubawa a kan iyaka sai ta yi tsayi har ƙirji, soɓorodonta ja wur, har ya yi duhu. A damina ta uku ta shuke gonar kaf da yakuwa. Maƙwabta suka yi ta surutu, wai wa ya taɓa tuƙa tuwo da soɓorodo?

Kaka ta yi, ta ɓare, ta shanya, ta cika buhu tara. Da aka kai Dawanau sai aka tarar kasuwa ta faɗi, masu fitar da shi waje ba sa saye. Buhunan suka dawo gida yadda suka tafi. Larai ta shiga madafi ta yi kukanta, sannan ta share hawaye ta ɗora tukunya.

Ba ta tafasa soɓorodo, jiƙa shi take yi a ruwan zafi da citta da kanumfari, don a cewarta wuta na kashe masa ƙamshi. Ta fara sayarwa a ƙofar gida, ƙulli-ƙulli.

Wata rana da hantsi Malam Uwaisu, malamin Islamiyyar unguwar, ya yi sallama. Ɗalibansa za su yi walimar sauka.

"Inna, zoɓo nake so na mutum ɗari biyu."

"Me za a ci, Malam?"

Ya yi dariya. "Ina ruwan zoɓo da abin da za a ci?"

"Da ruwansa mana. In waina ce da miyar taushe, a bar masa tsaminsa ya yanke maiƙo. In gurasa ce da tsire, yaji ya riga ya isa, sai a rage citta a ƙara zaƙi. Dambu kuwa ruwa yake nema, sai a tsinka shi."

Waina aka ci. Kafin a shafa fatiha randa uku ta ƙare, baƙin da suka zo daga Kunci suna ta tambayar gidan wa aka yi shi.

Yau shekara shida ke nan. Babu suna ko biki a yankin da ba a aiko mata. Aina'u, wadda yanzu ke koyarwa a firamare, ita ke ɗura shi a robobi tana amsa waya in ta taso daga aiki.

Bana Larai ta ware kunya huɗu ta shuka farin soɓorodo da wata 'yar Barno ta ba ta irinsa. Aina'u ta tambaye ta da me za a sha shi.

"Ban sani ba tukuna," in ji ta. "Bari ya nuna, mu soya kifi mu gani."