Telan da Ke Kewar Ciwonsa

Zaren carbinsa duk ƙulli ne, alamar ya sha tsinkewa a hannunsa. A layin karɓar magani na asibiti nake kallonsa, ina jiran na mahaifiyata. Dogo ne siriri, da tef ɗin awo a wuya, da gani tela ne. Zama ya gagare shi. Yana tashi, yana leƙa taga, yana dawowa, yatsunsa suna jan carbi kamar ana korarsa.

Yayarsa ce ke riƙe da ƙwayoyin da aka riga aka ba shi, suna jiran sauran. Daga hirarsu na gane ciwon: wani lokaci ya ɗaga shi har barci ya ƙaurace masa, wani lokaci ya kwantar da shi makonni.

"Yaya, idan abin ya taso, ina yin sujada sai in ji kamar an buɗe mini ƙofa," in ji shi. "Da wannan ƙwayar kuwa, salla nake yi kamar ina ɗinka maɓalli."

"Auta, wancan karon da aka buɗe maka ƙofar, keken ɗinkinka ka kyautar, yaranka suka wuni da yunwa. Mai ɗinka maɓalli ma Allah yana jin sa."

Yana dariya, amma idonsa ya ciko. Na gane tsoronsa shi ne kada samun lafiya ya nesanta shi da Ubangijinsa.

Yayar ta ba shi ƙwaya ɗaya, ya daɗe yana juya ta a tafin hannunsa. Can ya ce ta miƙo masa ruwa, ya yi bismilla ya haɗiye.