Hannun Daman Malam Sagimbek

Shekara ashirin da biyu bango ɗaya ne tsakanin ajina da na Malam Sagimbek, bangon ma na katako, wanda in ya yi atishawa sai yarana su ce masa sannu. Ni lissafi nake koyarwa, shi kuma darasin halittu. Na daɗe ina jin haushinsa, ba zan ɓoye ba. Ina tsaka da raba lambobi a allo sai shewa ta tashi daga wancan ɓangaren, yarana su saki baki suna sauraren bango, ni kuwa in yi ta zuba ni kaɗai.

Ɗan makiyayi ne, a bayan doki ya girma, kuma shi kaɗai ne a gidansu ya yi karatu mai nisa. Da ya gama bai tsaya a birni ba, ya dawo Tash-Bulak ya ɗauki alli. A nan, kamar kowane ƙauyen Kirgizawa, yaro ɗan shekara bakwai ya san ƙasusuwan tunkiya da ake raba wa baƙi, ya san na dattijo, ya san na surukai, in ka yi kuskuren rabo ma shi zai gyara maka. Abin da ke damun Sagimbek shi ne yaran nan ba su taɓa kawo wa ransu cewa irin ƙasusuwan suna cikin nasu hannun ba.

Saboda haka duk shekara, in an fara yankan da za a ci da sanyi, sai ya bi gidaje yana roƙon ƙafar gaba ɗanya, daga kafaɗa har kofato, tun kafin mata su jefa ta a tukunya. Ya kai wa 'yan aji huɗu, ya riƙe da hagu, ya feɗe fatar, ya lalubo farar jijiya ya naɗe a yatsan dama, ya ja. Kofato ya lanƙwashe. Nan ajin ke kaurewa da ihu. Ya ja wata jijiyar, kofato ya miƙe. Daga nan yake nuna musu cewa tsoka ba ta iya turi ba, ja kawai ta iya, shi ya sa kowace gaɓa take da masu ja ta gaba da masu ja ta baya. In ya tambayi wa ke ba tsokar umarni, sai ya ƙwanƙwasa sanƙonsa da yatsa har sai wani ya ce ƙwaƙwalwa. Akwai direbobi da malaman asibiti a garin nan da suka manta sunana, amma ba wanda ya manta ƙafar tunkiyar nan.

A lokacin haihuwar tumaki na bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Matarsa Burulai ce ta tarar da shi kwance a garke da safe, baki a karkace. Wata biyu ya yi a asibitin birni. Ya dawo yana jan ƙafa, magana tana fita da ƙyar, hannun dama kuwa ya mutu murus. Ya cusa hannun a aljihun kwat, daga ranar ba wanda ya sake ganin hannun. Ya daina zuwa biki da suna, don namijin da aka ba ƙashinsa shi zai yanka namansa da wuƙarsa, shi kuwa ya ce ba zai zauna a yanka masa kamar yaro ba.

Da aka koma makaranta a Satumba ya dawo aji. Ta bangon nan ba na jin komai sai muryarsa a hankali, yana zaune yana karanta littafi, yara suna hamma. Na yi mako uku ina saurare, sannan na je wurin shugabar makaranta, Kanishai, na ce mata mutumin nan ya ƙare, a bar shi ya huta. Na ce wa raina tausayi ne. Akwai tausayin, amma akwai tsohon haushi a ƙarƙashinsa, yau na sani. Kanishai ta rubuta wa gunduma, suka amsa cewa mai duba makarantu za ta zo wata Alhamis a Oktoba ta zauna darasi ɗaya. In bai gamsar da ita ba za a sallame shi, a turo wani.

A Tash-Bulak magana ba ta kwana. Washegari ya same ni a ɗakin malamai ina ɗumama hannu a murhu.

"Ulkan, an ce shiruna ya ishe ki," in ji shi. "Da surutuna ne, yanzu shiru. Ke dai ba a iya miki."

Na kira shi yaya da yarenmu, na ce, "Baike, ka yi aikinka ka gama. Ka je gida ka huta, mene ne abin kunya a ciki?"

"In je gida in yi me? In yi gadin kajin Burulai? Ranar Alhamis ki nemi auduga ki toshe kunne."

Ya ƙudura darasin ƙafar zai yi. Matsalar ita ce aikin na hannu biyu ne, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya ja. Sai ya aro matsen ƙarfe wurin kafinta, aka ɗaure masa a bakin teburin aji don ya riƙe masa ƙafar. Kwana goma, duk bayan an tashi, ina jin shi yana gwaji da sanda da igiya, abu ya suɓuce, ya yi tsaki, ya sake. Maƙwabcinsa Toktosun zai yi yanka ranar Laraba, sai ya aiki Burulai ta ce a ajiye masa ƙafar gaba, a kai masa makaranta ranar Alhamis da safe.

Saƙon ya isa lafiya. Abin da ya faru shi ne tsohuwa Kalbubu, mahaifiyar Toktosun, ta ji. Ta ce ba daga gidanta ba. Dattijon da ya koyar da 'ya'yanta shida, ga shi ya taso daga jinya, a aika masa ɗanyar ƙafa da kofato kamar za a jefa wa kare? Da yana da lafiya ne ake biye wa wasansa, yanzu kuwa mutane za su ce an raina shi. Ta zaɓi ƙashin ƙugu, rabon babban baƙo, ta dafa shi luguf da kitsen wutsiya, ta ƙunshe a farin ƙyalle, ta aika.

Kanishai ta sa ni in zauna a bayan aji a matsayin shaida, tunda ni na ɗauko maganar. Mai duban ta zo, matashiya ce mai gilashi da littafi a hannu, ta zauna kusa da ni. Sagimbek ya yi gaisuwa, ya ce yau za su ga yadda jiki ke motsi, ya kwance ƙunshin da hannun hagu. Ƙamshin dafaffen nama ya cika ajin.

Yara suka fashe da dariya. Wani daga gaba ya kira shi yadda yaranmu ke kiran malami, ya ce, "Agai, wannan ai rabon dattijo ne, ina kofaton?"

Ya dubi naman, ya dubi matsen ƙarfen da ya sha wahala a kai. Jijiyar da ta dahu ba ta jawuwa, ko yaro ya sani. Kunnuwansa suka yi ja. Mai duban ta kalli agogo ta rubuta wani abu. Ni kuwa kunya ta rufe ni, na ji kamar in nutse a ƙasa, don ni na jawo masa wannan tsayuwar.

Ya ture naman gefe. Sannan ya fara cire kwat. Na yunƙura zan taimaka, ya galla mini harara na koma na zauna. Da haƙora da hannun hagu ya cire, ya naɗe hannun riga har kafaɗa, ya ɗaga hannun daman da na hagu ya ajiye a kan tebur. Ya rame, ya yi fari, yatsun a dunƙule. Dariyar ta ɗauke.

"Yau ni ne tunkiyar," ya ce. "Ku taso, layi-layi. Ba ya cizo."

Suka zo suna taɓawa, da fari a tsorace, daga baya har da matsawa. Ya ce su bi ƙashin da yatsa su gani ko ya karye. Suka ce bai karye ba. Ya ce su lalubi tsoka. Wata yarinya mai suna Aizirek ta ce tana nan, sai dai ta yi laushi, ba ta kai ta hagu ba. Ya lanƙwasa na hagun suka ga yadda damtse ke tasowa, ya nuna musu fararen jijiyoyin wuyan hannu, irin waɗanda yayyensu suka ba su labari. Sannan ya tambaye su, tunda ƙashi lafiya, tsoka tana nan, jijiya ba ta tsinke ba, me ya hana hannun motsi?

Wani ya ce sanyi ne ya shige shi. Wani ya ce kakarsa ta ce bakin mutane ne. Wani ɗan banza ya ce lalaci ne, Sagimbek ya yi dariya da rabin bakinsa ya ce da ma shi ne. Aizirek ce ta ce ba mai ba shi umarni.

"Mai umarnin yana nan," ya ce. "Tun da safe yake aike. Hanya ce ta toshe, kamar in dusar ƙanƙara ta rufto a mashigar dutse, ɗan aike ya tsaya da dokinsa."

Ya bayyana musu a hankali, kalma tana tuntuɓe yana ɗago ta, cewa jini ne ya kasa isa wani wuri a ɓarin hagu na ƙwaƙwalwarsa, wurin da ke aika wa hannun dama saƙo. Suka tambaya ko shi ke nan har abada. Ya ce likita ya faɗa masa wani lokaci ƙwaƙwalwa kan samo wata hanyar, in mutum bai daina aike ba. Shi kuwa sau ɗari uku yake aikawa kowace safiya. Ya ce su matso, zai aika su gani.

Kai talatin suka sunkuya a kan teburin. Mai duban ma ta miƙe tsaye. Gumi ya feso masa a goshi, jijiyar wuyansa ta tashi, hannun bai ko girgiza ba. Ya numfasa ya sake, shiru. A na uku sai rabin ajin suka yi ihu wai babban yatsa ya motsa, rabi suka rantse bai motsa ba, gardama ta kaure har Kanishai ta leƙo. Ni ban ga komai ba, don hawaye ya cika mini ido. Bai raba musu gardamar ba. Ya ce kowa ya riƙe nasa hannun a ƙasan gwiwar hannu, ya motsa yatsu, ya faɗi abin da ya ji yana motsi a ƙarƙashin fata. Aka kaɗa ƙararrawa suna ta yi. Naman kuwa su suka cinye, tsohuwa Kalbubu har yau ba ta san ta yi ɓarna ba.

Mai duban ba ta ce ya yi ko bai yi ba. Ta yi godiya ta hau motar gunduma. Bayan mako biyu takarda ta zo. An bar shi zuwa ƙarshen shekarar karatu, a watan Mayu za a sake zuwa, kuma dole a lokacin ya iya rubutu a allo wanda ɗan bayan aji zai karanta.

Raina ya ɓaci da na karanta. Wata bakwai kacal, bayan duk abin da idonta ya gani. Na ɗauki takardar na nufi ajinsa a lokacin hutun rana, da niyyar in zagi gunduma, in kuma ba shi haƙuri. Na same shi a gaban allo da alli a hannun hagu, ya cika rabin allon da harafi ɗaya, wasu a kwance, wasu kamar za su faɗi. Hannun daman yana reto a gefensa, ba a aljihu ba. Na fara cewa ni na jawo, ya ce ya sani, in bar maganar, in ina son biyan laifina in riƙa tara masa guntayen alli daga ajina.

Na ce, "To in Mayu ta zo suka ce a'a fa, baike?"

"Sai su zo su same ni a tsaye a nan, su faɗa mini a gaban yara."

Sannan ya ce in matsa gefe, na tare masa haske, ya ci gaba da rubutunsa.