Ni Ma Na Ji

Ranar Talata ce, ranar allurar wata. Na tashi ƙarfe biyar da rabi, na ɗora ruwan shayi, na goge farar rigata. An yi ruwa da asuba, layinmu na unguwar Fegge duk ya caɓe, masu okada suna ta zagin juna a kan rami guda. Na zuba sirinji da auduga da kwalaben allura a jaka. Ƙarfe tara na fita.

Ni nas ce mai kula da masu taɓin hankali. Sunana Rifkatu, daga kudancin Kaduna, amma a unguwar Hausawan Anacha ba mai kirana da shi. Sistar mahaukata suke ce mini, wasu a bayan idona, wasu a gabana. Bai taɓa hana ni barci ba. Wanda ya kira ni haka da safe shi zai zo yana rawar jiki da yamma, in ƙaninsa ya tuɓe riga a tsakiyar kasuwa.

Mutum biyu nake dubawa a layinmu, layin masu albasa. Na farko Malam Sule, ƙanin Alhaji Garba mai albasa. Shekara biyu kafin wannan rana na same shi ɗaure da mari a ɗakin ajiye buhuna. Na ce wa Alhaji ko ya kawo makulli ko in kawo maƙeri, ya kawo makulli. Ta biyu Inna Asabe, tsohuwa mai sayar da kuka da daddawa, can ƙarshen layi bayan burtsatse. Ita kaɗai take zaune, 'yarta tana aure a Fatakwal.

Ciwonsu iri ɗaya ne. Suna jin muryoyi suna cewa ga su nan tafe, za a kashe su. Da sun ji sai gudu. Malam Sule ya taɓa faɗawa gaban keke ya karya ƙafa. Inna kuwa an taɓa tsamo ta daga kogi, ruwa har ƙirji. Gudun ne zai kashe su, ba muryar ba. Don haka, ban da allura, na yi wata da watanni ina koya musu abu guda. In kun ji ana cewa a kashe ku, kada ku gudu. Ku shiga ɗaki, ku sa sakata, ku zauna a tabarma, ku riƙa jan numfashi a hankali. Kada ku fito sai wanda kuka yarda da shi ya zo ya ce, “Ni ma na ji.” In bai zo ba, ciwo ne, zai wuce. Malam Sule ya zaɓi yayansa da ni. Inna ta ce ni kaɗai ta yarda da ni. Sun koya sarai, kuma na yi alfahari da su.

Ƙarfe goma da minti goma ina kantin magani a bakin babban titi. Abin da na fara ji ƙarar ƙofofin ƙarfe ne, ana jan su ƙasa shago bayan shago. Sai fashewar gilashi. Wani ya ce tirelar ɗan Arewa ce ta take mai keke a wajen kasuwa. Har yau ban san ko gaskiya ba ne. Ƙarfe goma da ashirin baƙin hayaƙin taya ya tashi.

“Ku gudu! Bariki! Bariki!”

Kowa ya nufi barikin soja. Ni ma na ɗaga ƙafa, sai na jiyo ihun da ke tahowa daga ƙasa: “Kill dem! Burn am!” Na tsaya cak. Abin da muryoyin suka yi shekaru suna faɗa wa mutanena ke nan, yau ga shi ya taho da ƙafafu da adduna. Kuma na san inda su biyun suke. Suna kan tabarma, sun sa sakata, suna jirana.

Na juya na faɗa layi. Jama'a suna fitowa, ina kutsawa. Wani ya fizgi jakata.

“Sista, koma! Koma!”

Na kaɓe hannunsa na wuce.

Goma da rabi na isa gidan Alhaji Garba, don shi ne a farkon layi. Ƙofar gida a buɗe, takalma a watse, tukunya tana tafasa a murhu ba kowa. Alhaji yana kasuwa, matan sun kwashi yara sun fice. Ɗakin Malam Sule a rufe yake ta ciki.

A nan na yi kuskure. Na daki ƙofar da hannu biyu ina ihu, “Malam Sule, fito! Fito, za su kashe ka!” Sakata ba ta motsa ba. Na ƙara duka har tafina ya yi zafi. Da na tsaya na kasa kunne, sai na jiyo numfashinsa, a hankali, yadda na koya masa. Sannan hankalina ya dawo. Shekara biyu ban taɓa ɗaga masa murya ba. Ba na dukan ƙofa. Ban taɓa ce masa za a kashe shi ba, muryoyin ne ke cewa haka, kuma sun sha aron muryata. A wurinsa mai ihun nan ba Sista ba ce. Minti huɗu na ɓata.

Na sauke hannu, na share fuska. A waje wata mota ta kama da wuta, na ji tayarta ta fashe. Na ƙwanƙwasa sau uku a hankali, yadda nake yi kullum. Na yi sallama. Na tambayi kwanansa, na tambayi ƙafa, na tambayi ko ya karya kumallo. Ya amsa ɗaya bayan ɗaya, don Malam Sule ba a yanke masa gaisuwa. Ni kuwa ina ta cewa madalla. Da muka gama na ce, “Malam, ni ma na ji.”

Sakata ta motsa. Sha ɗaya saura kwata.

Na gaya masa zan riƙe gefen rigarsa, sannan na riƙe. Muka fito muka nufi ƙarshen layi. Gidan Inna tafiyar minti uku ce. Mun yi taku kamar ashirin sai masu ihun suka ɓullo ta wajen burtsatsen, tsakaninmu da ita. Adduna, gora, da jarkar fetur rawaya. Ina hango kwanon rufinta ta saman kawunansu. Na ƙwala sunanta sau ɗaya, alhali na san ko ta ji ba za ta fito ba.

Wata ƙofa ta buɗe a hagunmu. Mama Ngozi ce, Inyamura mai gidan haya, wadda kullum muke faɗa da ita a kan kwata.

“Sista, enta! Enta!”

Ta jawo mu ciki, ta bi da mu ta kicin, ta tura mu ta ƙofar baya zuwa wani lungu. Na kama hannunta ina ce mata Inna Asabe, a ƙwanƙwasa sau uku, a hankali. Ta ce, “Go! Go!” ta rufe ƙofa. Ban ga laifinta ba. Ko ta je, ba ita Inna take jira ba.

Ba mu yi gudu ba. Ƙafarsa ba za ta ɗauka ba, kuma in ya fara gudu ba na iya tsayar da shi. Na nemi izini na cire hularsa na cusa a jaka, kada a gane Bahaushe ne. Muka yi ta tafiya lungu-lungu kamar masu zuwa cefane. Sau biyu muka yi kiciɓis da samari, suka dubi farar rigata suka wuce. Ƙarfe sha biyu da kwata muka shiga bariki. Sojan da ke ƙofa ya yi harbi biyu sama.

A can muka sami Alhaji Garba da sara a kafaɗa. Da ya ga ƙaninsa sai ya zauna a ƙasa yana kuka. Na ɗaure masa raunin da ɗankwalin wata mata. Sau uku na je wajen sojoji ina roƙon a raka ni ƙarshen layinmu. A na ukun wani ya nuna mini ƙasa da bakin bindiga.

“Go sit down!”

Ƙarfe biyu na yi wa Malam Sule allurarsa a gindin mangwaro, don rikici bai canja ranar allura ba. Ta Inna tana jaka.

Washegari ƙarfe bakwai aka kawo babbar mota za ta Inugu. Da muka zo hawa, mutane suka tayar da jijiyar wuya, wai ba za su shiga mota da mahaukaci ba. Alhaji da kansa ya ciro igiyar ɗaure buhu. Na shiga tsakani na miƙa masa hannuwana biyu, na ce duk mai son ɗaure shi ya fara da ni. Raina ya ɓaci matuƙa. Aka matsa mana. A hanya, duk shingen da muka tarar sai masu hankalin su ruɗe da salati da ihu. Malam Sule yana gefena yana jan numfashi, har wata mata ta fara kwaikwayonsa. Ƙarfe ɗaya da rabi muka sauka unguwar Abakpa Nike a Inugu, a gidan wani abokin cinikin Alhaji.

Ranar Asabar Mama Ngozi ta kira ni a waya. Gidan da ke jikin na Inna aka zuba wa fetur. Wutar ba ta ci ɗakinta ba, hayaƙi ne ya cika shi. Da su Mama Ngozi suka ɓalle ƙofar, sakata tana nan ta ciki. Sun same ta a zaune a kan tabarma, ta jingina da bango, hannuwanta a kan gwiwa. Ƙofar lungu tana taku biyar daga ɗakinta, a buɗe. Ta nan maƙwabtanta suka tsira.

Masu zuwa yi mana jaje suka fara faɗin abin da na san za su faɗa. Ai ta huta, dama ba ta san duniyar da take ciki ba. Wasu suka ce ga amfanin aikin banza, gara da an bar ta da gudunta. Ban yi musu shiru ba, ko da dattijo ne. Ta san inda take. Ta san abin da aka koya mata, kuma ta yi shi daidai, cikin ihun da ya sa maza suka bar takalmansu. Ba ciwonta ne ya kashe ta ba. Masu jarkar fetur ne suka kashe ta, sai kuma minti huɗun da na yi ina dukan ƙofa. Ba na yafe musu nasu, kuma ba na bari kowa ya sauke mini nawa.

Aikin kuwa ban bari ba, ba kuma zan bari ba. A Abakpa ina nan ina bin gida-gida da jakata. Har yanzu ina koya wa mutanena kada su gudu. Sai dai yanzu kowa sai ya zaɓi mutum uku, kuma dole ɗaya ya zama na cikin gidan. Ina tara maƙwabta ina nuna musu yadda ake ƙwanƙwasa ƙofa. Malam Sule ya koma zaman shago, shi ke tsince albasa.

Mutum bakwai aka rasa a layinmu. Shida a kan titi aka tsince su. Inna Asabe kaɗai aka samu a zaune. Bayan sati biyu 'yarta ta zo daga Fatakwal ta neme ni. Tambaya ɗaya ta yi mini, ko ciwon ne ya tasar wa uwarta a ranar. Na ce mata a'a. A ranar, lafiyarta ƙalau take.