Mayafina da injin wasa ƙarfe

Wata biyar ke nan ban ce muku uffan ba. Masu cewa girman kai ne, ku yafe mini. Hannu ne.

Gab da babbar salla na ɗauko wuƙar layyar marigayi Baba, duk ta yi tsatsa. Na aro injin wasa ƙarfe wurin maƙwabcina Malam Idi, mai ƙera ƙyamare. Ya cire murfin kariyar tuntuni, wai don babban faifai ya shiga. Ya ce in bari ya wasa mini. Na ce ai ni nake koyar da kimiyya a lakwal, wato makarantar boko.

A ƙofar gida na tsuguna, saboda haka na yafa mayafi. Mutunci ke nan. Wuƙar a hagu, injin a dama, ban ɗaure komai ba.

Faifan ya cafki bakin mayafin, ya fizge injin, ya bi ta kan yatsuna biyu na hannun dama.

A asibitin Gaya suka tsayar da jini, suka yi mini allurar tetanus, suka tura ni Doso. Hoto, ɗinki, kwana tara. Likitan ya ce, "Madam, ƙashi lafiya. Jijiyar ce ban yi miki alkawari ba."

Abin da nake tsoro shi ne alli. Malamar da ba ta riƙe alli, me ta zama?

Makon farko ɗaki ya cika da masu sannu. Mako na uku sai ni da fanka. Inna tana Yelu, ƙafa ta hana ta tafiya. Nakan rufe ƙofa in ci tuwo da hagu, kamar mai laifi. Kullum da safe in matsa ƙwallon roba sau ɗari, ba mai ƙirga mini.

Alhamdulillahi. Na gode wa masu wankin ciwo, da Malam Idi da ya mayar da murfin injinsa bai ce mini komai ba.

Don Allah, kafin ku kunna injin nan: ku tuɓe duk abin da ke lilo, ku ɗaure wuƙar a jikin teburi, ku kama injin da hannu biyu, ku sa gilashin ido. In ba murfi, ku mayar wa mai shi.

Na koma aji. Babban yatsa da na tsakiya ke riƙe alli yanzu. Manuniya ta miƙe, ta ƙi lanƙwasuwa. Da na gaya wa Inna a waya, sai ta ce, "To, ƴar nan, ko ba komai ita kullum tana cikin tahiya."